Yayen Kwana Huɗu

A gidan da na yi zaman aure a Dogon Dutsi, mace ba ta da asiri muddin tana da buta. Kowa ya san butar kowa, kowa ya san inda take tsugunawa ta yi alwala. In aka wayi gari butarki na jingine a gindin randa har azahar ba ta motsa ba, ba mai tambayar ki, amma an gani. In kuma wata ya zagayo ba ki ajiye ta ko yini ɗaya ba, shi ma an gani. Ni da nake malamar lakwal, wato makarantar boko, ina ganin na fi ƙarfin wannan sa ido, sai ga shi a kaina abin ya ƙare.

Ɗana na fari yana da wata biyar jinina ya dawo. Abin ya tsorata ni, don a wajenmu babu abin kunya ga mai goyo kamar rurrutsa, wato ta yi ciki alhali na baya bai bar nono ba. Muka yi shawara da maigidana, mai shagon kayan moto, wato babur, a bakin tasha, na je gidan likita aka fara yi mini allurar nan ta wata uku. Muka ƙulla cewa ba wanda zai ji, musamman uwarsa, Inna, da ke zaune a ƙauyensu kusa da Gesheme. A ganinmu tsohuwar ƙauye in ta ji an ce allura, cewa za ta yi na zo ne in tsinke wa ɗanta zuri'a.

Allurar ta yi aikinta, amma ta hana ni sakat. Jini ya riƙa zuwa mini ɗis-ɗis, ba shi da rana ba shi da wata. Yau in yi wanka in yi salla, gobe in ga ɗigo, in rasa na al'ada ne ko na ciwo. Maigidana mutum ne mai son komai ya hau ƙa'ida, ba ya fashin karatun masallacinsu, har sau biyu yana zuwa ya tambayo malaminsu a fakaice, wai matar wani abokinsa ce. Ya dawo mini da bayani mai rassa, in saurara in ƙara rikicewa. Da ranar allura ta uku ta zo, saura wata biyu azumi, na ce ni kam ba zan yi azumi ina leƙen zane ba. Na tura karne, wato katin likita, ƙarƙashin akwati na ƙi zuwa. Sai bayan kwana goma na gaya masa, ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri.

Ɗigon ya ɗauke, na yi murna. Na zauna jiran jinin gaskiya ya zo a lokacinsa kamar da. Wata ya wuce shiru, na ce gajiya ce. Ana cikin haka Inna ta zo a duba mata gwiwa, saura mako biyu azumi, muka riƙe ta har salla. Tsohuwa ce doguwa mai ƙarancin magana, sai dai in da jikanta ne. Shi take kira mijinta, ta yi ta yi masa tsiya wai ya ƙi kawo kuɗin cefane, shi kuma yana ja mata ɗankwali. Yini take a kan tabarma a inuwar itacen bedi, wato dogon yaro, ƙafa a miƙe, kuma tabarmar tana kallon randa.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Ina shayarwa, ina tsaye gaban allo tun safe, na kai shi duka ban sha ko ɗaya ba, har ina jin kaina. Amma a goman ƙarshe juwa ta fara ɗiba ta, ƙanshin miya ya fara tayar mini da zuciya, ga jikina dama ya yi nauyi tun allura. Na ƙirga a zuci, wata uku ban ga komai ba, kuma tun da na bar allurar ba wani taka-tsantsan muka yi ba. Daga gidanmu zuwa gidan likita ba nisa, da ƙafa ake zuwa. Sai dai ungozomar da ke yi mini allura mace ce mai baki, na sha ganin yadda take wanke masu fashin rana a gaban layi. Ni madam guda a wanke ni gaban iyayen ɗalibaina? Na zauna da zullumina, ban je ba.

Bayan salla da kwana uku ruwan farko ya sauka, yaron kuma ya kama zawo. Lokacin yana da shekara ɗaya da wata biyu. Ran na uku da fara zawon, da safe, maigida ya fita, ina wanke wa yaron tsumma, Inna ta kira ni. Na zo na durƙusa a gefen tabarma.

“Ke ɗiyata,” ta ce, “azumin bana dut kin kai shi?”

“Na kai, Inna.”

“Tun da niz zo gidan ga ban gan ki kin aje buta ba. Ko yini guda.”

Na duƙar da kai ina kallon ƙasa.

“Ga mijina shina zawo. Ba ni son zargi. Ɗauko ludayi ki tatso mu gani.”

Na ɗauko ludayi na juya baya na tatsa. Ta sa tsinke ta ɗauko tururuwa daga gindin bedi ta jefa ciki. A wajen tsofaffinmu haka ake gwada nono: in tururuwa ta fito da ranta nono lafiya yake, in ta mutu ya ɓaci. Muka sa ido, ni da ita. Tururuwar ta yi ta mutsu-mutsu tana neman gefe, ludayin ga santsi, can ta daina motsi. Ni da ke koya wa yara cewa ƙwaro ma da iska yake rayuwa, na san ko a nonon saniya aka jefa ta haka za ta yi. Amma cikin zuciyata na riga na yarda ciki gare ni, tururuwa ta zo ta tarar da ƙofa a buɗe.

“Nonon ga na ciki ne,” in ji Inna. “Shi ka sa mishi zawo. Gobe ni ka komawa saboda shibka, da shi za ni.”

Da magariba ta maimaita wa ɗanta. Na tsaya a ƙofar ɗaki ina jiran ya buɗe baki ya ce Inna, akwai abin da ba ki sani ba, a bari a je likita tukuna. Ya sunkuyar da kai yana murza hula, ya ce yadda kika gani, Inna. Na ji kamar in kwaɗa masa murfin tukunya. Amma ni ma da bakina, me ya hana ni? Maganar allura ce na kasa faɗa, kuma ɗan fari ne. A wajenmu mace ba ta nuna son ɗan fari gaban surukai, ba ta kama sunansa, ba ta ja da kakarsa a kansa. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba sai in ni da shi ne kaɗai, shi ma ƙasa-ƙasa.

Abin da ke cin raina kuwa na san shi sarai. Yayata ta taɓa yaye ɗiyarta haka a farkon damina, rana ɗaya, saboda rurrutsa. Yarinyar ta ƙi abinci, zazzaɓin damina ya same ta ba ƙarfi, tamowa ta shige ta, gashi ya yi ja, ƙafafu suka kumbura. Ba ta ga kakar gero ba. Yanzu ga nawa za a kai shi ƙauye da zawo a jiki, rumbu ya yi ƙasa, sauro na tafe. Na rasa wanne ya fi, in riƙe shi in ba shi nonon da aka ce ya ɓaci, ko in sake shi.

Da safe Inna ta aika aka karɓo rubutun yaye wajen malamin unguwa, wanda ake ba yaro don ya manta da nono. Ta ɗura masa, ta goya shi, maigida ya ɗauki ƙunshinta zuwa tasha. Yaron na waige yana miƙo hannu. Ko ƙofar gida ban raka su ba, kunya ta hana. Na shiga ɗaki na tura ƙyaure na ciji filo, don kada matan gida su ji.

Rana ta farko na daure. Ta biyu ƙirjina ya yi tauri kamar an cusa duwatsu, ko hannu ba na iya ɗagawa sosai. Matan gida suka ce in ɗaure da zane tamau, in rage shan ruwa, kwana kaɗan zai kafe. Na ɗaure. Rana ta uku ina rubutu a allo, wani jariri ya yi kuka a gidan da ke bayan lakwal, sai na ji nono ya zubo, ya ratsa zanen ya ratsa riga. Na yafa mayafi na fita na tsaya a bayan aji.

Nan madam ta ajin kusa da nawa ta same ni. Ta girme ni nesa, Kirista ce, 'yar unguwar mishan, ta haifi shida kuma ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta ɗaga mayafin ta gani, ta ce ina yaron. Na gaya mata komai, har allurar, ita ce mutum ta farko da na gaya wa.

“Kin yi tes, gwajin ciki?” ta ce.

“A'a.”

“To wa ya ce ciki gare ki?”

“Tururuwa,” na ce. Da na ji kalmar ta fito daga bakina sai dariya ta kama ni, ta juye ta zama kuka.

Ba ta yi dariya ba. Ta je ta gaya wa daraktan lakwal ba ni da lafiya, ta haɗa ajina da nata ta bar wa wata, ta riƙe hannuna har gidan likita kamar mai kai yarinya rigakafi.

Abin da na guda wata uku shi na tarar. Ungozoma na gani na ta tafa hannu ta ce, “A'a, ga madam ɓatacciya. Wa ya sallame ki?” Matan layi suka juyo, ciki har da uwar wata ɗalibata. Na ƙarasa gabanta. Ashe wankin da nake tsoro bai fi haka ba, kalma biyu ce ta wuce. Ta shigar da ni ciki, ta ba ni ɗan kofi in kawo fitsari, ta tsoma wani ɗan tsinken roba ta ajiye a tebur. Muka sa ido kamar yadda muka sa wa tururuwa. Layi ɗaya ya fito, muka jira, na biyu bai zo ba. Ta kwantar da ni ta latsa marata, ta ce tashi.

“Ba ki da komai sai tsoro,” ta ce.

Ta zaunar da ni ta yi mini bayanin da da na zo tun farko da na ji. Allurar ba ta barin jiki ranar da aka daina ta. Wata jininta ya dawo da wuri, wata ta yi watanni tana jira, ba ciki ba ne, ba kuma haihuwa ce ta tsaya ba, ga shi ina shayarwa. Juwa da tashin zuciya kuwa, ta ce mai goyon da ta kai azumin bazara cur me take jira in ba su ba. Ta ja mini kunne cewa ciki na iya shiga tun jinin bai nuna ba, don haka in ba na so yanzu, kada in bar wajen sai mun zaɓi wata hanya. Sannan ta ce ko da cikin ne, nono ba ya zama guba, kuma yaro mai zawo nono ne abincinsa na farko. Ta kwance zanen da na ɗaure ƙirji da shi da hannunta, ta ce in yi ta tatsa kada ya kafe, ta ba ni garin nan da ake damawa a ruwa a ba mai zawo. Jinin kuwa sai da aka fara yankan gero ya zo, amma tun da na bar gidan likita ko tunanin sa ban ƙara yi ba.

Na fito ƙafafuna ba nauyi. Daɗi ya cika ni, haushi kuma ya biyo bayansa, haushin kaina da na maigidana. Ban koma gida ba, shagonsa na wuce. Na ajiye masa tsinken robar a kan kantar shagon, tsakanin buji da man birki.

“Babu komai,” na ce. “Mun ba da yaro a banza. Da ka buɗe baki ran nan.”

Ya dubi tsinken ya dube ni. Ya ce alhamdu lillahi sau uku, sannan ya ce, “Da kin buɗe naki.” Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Ya ce rana ta yi, hanya kuma ruwa ya ci ta, mu yi sammako.

Da asuba muka hau moto. Gero ya tsiro ko'ina, mutane sun duƙa a gonaki, muka wuce Tibiri rana ba ta yi zafi ba. Duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a ƙirjina. Sau biyu na sa ya tsaya na shiga bayan sabara na tatsa a ƙasa, ina kallon abincin ɗana yana nutsewa cikin rairayi. Sauran hanyar ina shirya yadda zan gaya wa Inna maganar allura. Na shirya ta ce na ci amanar gida, na shirya ta ce in tafi gidanmu. Na ƙudurta ko me za ta ce, da yarona zan dawo.

Muka same ta zaune a ƙofar ɗakinta da shi a baya, ƙunshin kayanta a ɗaure a gefe. Ita ma ta rame a kwana huɗun nan. Ta kwanto shi ta ɗora a cinya. Idanunsa sun faɗa, wuyansa ya yi tsawo, leɓensa a bushe.

“Gara da kunka zo,” ta ce. “Dama gobe ni ka shirin maido shi. Ya ƙi hura, ya ƙi kunu, sai ruwa. Ko da ciki ko babu, ki ba shi, abin da Allah yay yi shi a daidai.”

Na durƙusa na ce Inna babu cikin ma, an gwada a likita. Na runtse ido na faɗi sauran: allura nake yi, na bar ta kafin azumi, ita ta riƙe jinin.

“Allura?” ta ce. “Ta wata ukku?”

“Ita, Inna.”

Ta kafa mini ido, na fara jiran saukar abin da na shirya wa.

“Kuma kinka zamna kina kallo nis sa tururuwa? Wa bai san allurag ga tana riƙe jini ba? Ƙanwar mijinki da tab bar ta, wata bakwai tay yi ba ta ga komi ba. Ni ka raka ta gidan likita da gwiwag ga tawa. Rabin matan garin ga ita su kai.” Ta juya ga ɗanta. “Kai kuma kana tsaye awa icce, ka sani kay yi shiru. Kun ɗauke ni tsohuwar da ba a hwaɗa ma magana. Ni buta nig gani, nig ga zawo, abin da nig gani da shi niy yi aiki. Da kun hwaɗi, da mijina bai sha wuyag ga ba.”

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har yau in na tuna sai na ji ta a fuska. Mu biyu da karatunmu, shi da na masallaci ni da na lakwal, mun ɓoye wa tsohuwa abin da ta fi mu sani. Maigida ya ce ki gafarce mu, Inna. Ta ce tashi ka ba mutane wuri, ya fita. Ta miƙo mini yaron ta ce shiga ɗaki.

Na zauna a bakin gadonta na kwance riga. Ya dube ni ya kau da kai. Na juyo da shi, ya banƙare ya tura ni da hannu biyu, yana wani kuka siriri da ba shi da ƙarfin ƙarasawa, yana miƙa hannu wajen kakarsa. Na tuna rubutun yaye, na ce shi ke nan ya manta. Na sake gwadawa, ya datse baki. Inna na tsaye a bakin ƙofa tana kallo. Hawaye suka zo mini, na yi ta kokawa da su saboda ita.

“Hushi shikai,” ta ce. “Namiji ne. Bari in ga awakin ga, kak su shiga gonar mutane.” Ta saki labule ta fita, alhali awakin na ɗaure a turke, na gan su da muka shigo.

Na tatso kaɗan a yatsa na shafa masa a leɓe. Ya lasa, ya yi shiru. Na ƙara. Na kwantar da shi a jikina na kira sunansa, ba ƙasa-ƙasa ba, da muryata duka, a ɗakin surukata, na kira na ƙara kira ina kuka. Ya ɗago ya dube ni da idanun nan da suka faɗa. Da farko cizo na ya yi da haƙoransa huɗu, na ji har tsakar kai, ban cire ba. Sannan ya kama. Na ji yana haɗiya, hannunsa ɗaya ya lalubo bakin mayafina ya damƙe.

A waje Inna na ta yi wa awakin da ke ɗaure faɗa da ƙarfi, don kada ta ji sunan da nake kira.